Waƙafi Mai Ruwa a Rubutun Turanci



An nemi in yi tsokaci a kan wani abu da ya shafi aikin ofis. Na zaɓi wata 'yar alama da akan raina, wato waƙafi mai ruwa: ɗigo a sama, waƙafi a ƙasa. Mai buga littattafan nan na birnin Venis ta Italiya, Aldus Manutius, shi ya yaɗa ta tun cikin shekarun 1490.

Takardun da ke kai da kawowa tsakanin ma'aikatun gwamnati da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da Turanci ake rubuta su. A wurare uku na ga waƙafi zalla yana gazawa a cikinsu.

Na farko, jerin da kowane kashinsa ke ɗauke da waƙafi. Ga sanarwar zuwa duba masana'antu: "Bompai, Monday, Sharada, Wednesday, Challawa, Friday." In aka mai da alamun duka waƙafi, akawu na iya haɗa Laraba da Challawa. Manajan majema ya tara mutanensa ranar Laraba ba wanda ya zo, jami'ai kuma su iso ranar Juma'a su tarar ba shi. An yi asarar yini biyu ke nan.

Na biyu, cikakkun jimloli biyu masu dangantaka, waɗanda ba a haɗa su da "and" ko "but" ba: "The factory is open, the machines are idle." Waƙafi kaɗai a nan kuskure ne, irin wanda malamanmu ke zagayewa da jan biro.

Na uku, idan "however" ko "therefore" ta haɗa cikakkun jimloli biyu, waƙafi mai ruwa ke gabanta, waƙafi kuma ya biyo ta.

In ban da jeri, ma'aunin ɗaya ne: shin abin da ke kowane ɓangare na alamar zai iya tsayawa da kansa? In ba zai iya ba, waƙafi ya isa. In kuwa zai iya amma ana shakka, a sa aya, a fara sabuwar jimla. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙannenmu suna rubuta takardun neman aiki a waɗannan masana'antu, kuma takarda ke riga mai ita shiga ofis. Mu riƙa duba musu kafin su miƙa.