Muryar Ernest Okonkwo da Kirarin 'Yan Wasanmu



Dattawan da ke cikinmu ba za su manta da ranar 22 ga Maris, 1980 ba, ranar da Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya a Legas, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Ba mu ga wasan da ido ba. Akwatin rediyo muka kewaye a Turba da Isa da Sabon Birni, ɗan makaranta na fassara wa jama'a. Muryar kuwa ta marigayi Ernest Okonkwo ce, na Rediyon Nijeriya.

Aikinsa irin na sanƙira ne a filin dambe, domin kirari yake yi. Shi ya laƙaba wa Segun Odegbami "Mathematical", wato mai taka leda da lissafi, ya kira Christian Chukwu "Chairman". Ya rasu a watan Agusta na 1990, Chukwu ma ya bi shi a 2025, amma har yau da laƙabin ake tuna su.

To, mu fa? Shago ya taki sa'a, Ɗan Anace ya waƙe shi. 'Yan kokawa da 'yan damben da suka cika filayen Gobir bayan kaka, kirarinsu na bakin tsofaffi kaɗai, ga rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama.

Roƙonmu shi ne, duk wanda Allah ya nufa da zuwa gida bana, ya ɗauki muryar tsoho ɗaya a wayarsa, ya miƙa wa sakatare kafin taron baɗi.