Ƙwarya da Akushi: Katun Uku na Japan a Kan Son da Ya Tsallake Asali

Gaisuwa ga na rugage da na mashekari, da waɗanda dare ya riska a bakin iyaka, Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, ana jiran gari ya waye a duba takardu. Allah ya sa kaya su tsallaka lafiya, Allah ya ƙara albarka a garke.

Saƙo biyu ne suka jawo hirarmu ta yau. Na farko daga wani ɗan kasuwa mai safarar albasa. Ya ce in jira ya yi tsawo, yaron motarsu yakan kunna katun ɗin Japan a salula, shi kuma yana leƙe. To yana tambaya, a cikin waɗannan zane-zanen akwai wanda magidanci zai zauna ya kalla ya ƙaru, ko duk na yara ne? Saƙo na biyu ya fi nauyi. Wani saurayi ne mai kiwon haya. Shekara da shekaru yana bin dabbobin wani mai hali, har suka fahimci juna da 'yar gidan. Da ya tura manya, amsar da aka ba su gajera ce: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Shi bai tambaye ni fim ba. Cewa ya yi, Malam, haka abin yake ko'ina a duniya?

To bari in haɗa amsar biyun wuri guda.

Wannan katun na Japan sunansa anime. Da yawa daga ciki daga littafin zane ake ɗauko su, wanda suke kira manga. Kuma ba duka ne na yara ba. Akwai na yaƙi, akwai na ƙwallo, akwai na tarihi da soyayya waɗanda aka yi don manya. Na zaɓo muku uku daga wannan kashi na ƙarshe. Dukkansu labarin ƙwarya da akushi ne, kuma abin da ya sa na zaɓe su shi ne ba su yi wa mai kallo ƙarya ba. Sun nuna wa yake biyan kuɗin irin wannan so.

Na farko sunansa Emma. Wata mata 'yar Japan, Kaoru Mori, ta fara zana shi a 2002, aka mai da shi anime a 2005 kashi 12, aka ƙara wasu 12 a 2007. Kowane kashi bai kai rabin awa ba. Labarin ba a Japan yake ba, a Landan ne, wajen 1895, zamanin Sarauniya Biktoriya. A lokacin, mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen masu hali a Ingila. Emma ɗaya ce daga cikinsu. Tun tana ƙarama aka sato ta daga ƙauye, ta kuɓuta, ta yi tallar furanni a titi, har wata tsohuwar malama mai suna Kelly ta ɗauke ta aiki, ta koya mata karatu da rubutu, ta saya mata tabarau saboda ba ta gani sosai.

Wata rana tsohon ɗalibin malamar, William Jones, ya zo gaisuwa. Emma ta buɗe ƙofa, ƙofar ta buge shi a fuska. Daga nan magana ta fara.

'Yan kasuwa, ku saurari wannan wurin da kyau. Gidan su William ba gidan sarauta ba ne. Kasuwanci ne ya ɗaga su. Suna da kuɗi, amma masu asali na kallon su a matsayin baƙi a zaure. Don haka uban William yake so ya aurar masa da Eleanor, 'yar gidan sarauta, don gidan ya samu gindin zama. A ganin uban, na sama da na ƙasa kamar mutanen ƙasa biyu ne, da iyaka a tsakani, kuma ba a tsallaka ta. Abin da na so a labarin shi ne ba a mai da uban mugu ba. Mutum ne da ya sha wuya kafin a buɗe masa ƙofa, ya ga yadda rainin manyan gari ya gajiyar da matarsa har ta bar Landan, yana tsoron kada ɗansa ya rushe ginin shekaru a dare ɗaya. Ita ma Eleanor ba muguwar kishiya ba ce. Yarinya ce mai son gaskiya, kuma ita ma ta ji ciwo.

Akwai wani wuri da William ya ce zai saya wa Emma sabon tabarau. Ta ƙi, saboda wanda ke idonta na malamarta ne. Sai ta nemi ɗan hankici kawai. Ka ga mutuncin talaka ke nan, ba a yi dogon jawabi ba amma ka gane. Da malamar ta rasu, wa ya rasa wurin kwana? Emma. Wa ya hau jirgin ƙasa ya bar gari ya je neman aikatau a arewacin ƙasar? Emma. William ya yi baƙin ciki, amma a kan gadonsa mai laushi ya yi shi. Ba zan faɗa muku ƙarshen ba. Sai dai in ce kashi na biyu shi ne inda aka tambayi William: kai me za ka bari?

Wannan shi na fi ba ɗan kasuwarmu shawara ya fara da shi. Tafiyarsa a hankali take, ba ihu, ba duka. Akwai ma ban dariya, don abokin William wani ɗan sarkin Indiya ne mai suna Hakim, wanda ya sauka a gidansu da giwaye. Ana samun sa da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto.

Na biyu fim ne guda ɗaya, awa biyu da 'yan mintoci. Sunansa Labarin Gimbiya Kaguya, in za ku nema ku ce Kaguya kawai. Isao Takahata ne ya shirya shi, ya fito a 2013, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe kafin ya mutu a 2018. Asalin labarin tsohuwar tatsuniyar Japan ce da ta haura shekara dubu. Tatsuniya ce fa, a ɗauke ta a matsayin tatsuniya.

Wani tsoho mai saran gora, irin goran da muke sanda da shi, ya tsinci jaririya a cikin gora. Shi da matarsa suka rene ta a ƙauye, tana gudu ba takalmi da yaran daji. Babbansu wani yaro ne, Sutemaru. Daga baya tsohon ya tsinci zinariya da tufafi masu tsada a cikin goran. Sai ya ce ai wannan alama ce, yarinyar nan ba ta ƙauye ba ce. Ya kwashe ta ya kai babban birni, ya gina mata gida, ya ɗauko mai koya mata zaman manya. Aka tsige mata gira, aka baƙanta mata haƙora, don haka adon matan fada yake a lokacin. Aka hana ta gudu, aka hana ta dariya da ƙarfi. Manyan fada biyar suka zo neman aurenta ba tare da sun taɓa ganin fuskarta ba.

Makiyaya, akwai wurin da zai taɓa ku. Ta gudu ta koma ƙauye neman su Sutemaru, ta tarar sun tashi. Mutanensa masassaƙa ne, akushi suke sassaƙawa. In itacen wuri ya yi ƙasa sai su ƙaura, su bar daji ya huta, sai bayan shekara goma su dawo. Duk wanda ya taɓa komawa tsohon mashekari ya tarar da toka kawai, ya san abin da ta ji. Kuma ku lura, masu sassaƙa akushin su ne aka ce ba su isa su ci a cikinsa ba.

Wani wurin kuma, tana cikin keken manya a birni, sai ta hango Sutemaru ya saci kaza saboda yunwa. Ta kira sunansa, ya tsaya yana kallon ta, aka cim masa aka yi ta duka, ita kuwa keke ya wuce da ita. Kiran da ta yi da so, shi ya ja masa duka.

Wannan fim na iyaye ne. Tsohon nan bai ƙi 'yarsa ba ko kaɗan. Son ta ne ya sa ya yi duk abin da ya yi. Amma bai taɓa zama ya tambaye ta ba, sai da lokaci ya ƙure. Akwai shi da muryar Faransanci da ta Turanci.

Na uku tsoho ne, kuma shi ya fi zafi. Sunansa Furen Versailles, amma a ƙasashen Faransanci da na Larabci an fi sanin sa da Lady Oscar, don an juya shi zuwa harsunan biyu. Riyoko Ikeda ta zana shi a 1972, aka yi anime daga 1979 zuwa 1980, kashi 40. Labarin a Faransa yake, gab da juyin juya halin 1789.

Wani janar ya haifi 'ya'ya mata har shida, ba namiji. Sai ya raɗa wa ta ƙarshe sunan maza, Oscar, ya rene ta da takobi, har ta zama shugabar dogaran Sarauniya Marie Antoinette. Sarauniyar da juyin juya halin tarihi ne na gaskiya, Oscar kuwa ƙirƙira ce. Tare da ita aka rene André, jikan mai renonta. Tare suka yi wasa, tare suka koyi hawan doki, amma ita 'yar gida ce, shi bara. Shekaru yana son ta bai isa ya faɗa ba. A hidimarta ya rasa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa, yana ɓoyewa don kada a raba shi da ita.

A Faransar wancan lokaci mutane kashi uku ne: malaman coci, masu sarauta, da sauran jama'a. Sauran jama'ar sun fi kashi 90 cikin 100, kuma su ke ɗauke da nauyin haraji, har da harajin gishiri, ga burodi ya yi tsada. Oscar ta bar fada ta koma jagorantar sojoji 'ya'yan talakawa, ta ga yadda suke rayuwa. A ƙarshe ta ajiye sarautarta ta tsaya tare da jama'a, har zuwa ranar 14 ga Yuli 1789 da aka fasa kurkukun Bastille, ranar da Faransa ke biki duk shekara. A nan akushi ne ya sauko ya bi ƙwarya, kuma bai sauko kyauta ba.

Amma in gaya muku gaskiya, wannan ba na yara ba ne. Akwai jini, akwai shan giya, akwai sarauniya mai son wani ba mijinta ba, akwai wurin da André ya fita hayyacinsa ya ci zarafin Oscar kafin ya dawo yana nadama. Ko Emma akwai sumba a ciki. Al'adarsu daban, tamu daban. Babba ya fara kalla kafin ya miƙa wa na ƙasa. Kuma in za ku sauke, ku yi a gari inda rezo ke da ƙarfi, ku nemi mai jin harshen ya zauna kusa. Kallon taro da mai fassara ya fi daɗi ma.

Yanzu in dawo kan saurayinmu mai kiwon haya. Ɗan'uwa, ka tambaya ko haka abin yake ko'ina. Ga Ingila, ga Japan, ga Faransa, ko'ina akwai wannan katanga. Mu ma mun san gidajen da ake tambayar sana'ar kakan mutum kafin a tambayi halinsa: ɗan maƙera ne, ɗan mahauta ne, bara ne. Ba zan ce maka katun zai canja ran mai garke ba. Kuma ba zan ce ka ɗauki 'yar mutane ku gudu ba, don a duk labaran nan uku, in abu ya fashe, na ƙasa da mace su ke kwasar ɓaraguzai. Abin da zan ce shi ne, kada ka yarda cewa kai ƙwarya ce. Wanda aka ba amanar garke shekara da shekaru, aka ƙirga ba a rasa ko ɗaya ba, ya riga ya nuna asalinsa. Ka sake tura manya masu faɗa a ji, ka nemi malamin da gidan ke jin maganarsa. In an ba ka, alhamdu lillahi. In an hana, ka fita da mutuncinka kamar yadda ka shiga.

Ku kuma iyaye masu hali, tsoronku ba wauta ba ne. Aure ba na mutum biyu ba ne, kowa ya sani, kuma mai 'ya yana da haƙƙin duba inda za ta ci da inda za ta kwana. Amma a duba da kyau: abin da ake tsoro, yunwar yarinya ce, ko bakin mutane? In yunwa ce, ana iya gyarawa, saniya biyu da ɗan jari sun tayar da gidaje da yawa. In bakin mutane ne, to tsohon nan mai saran gora ya rufe bakin mutane, ya samu suna a fada, ya rasa 'yarsa. Yaron da ka yarda ya kwana da dukiyarka a daji, ko ya tsallaka iyaka da kuɗinka a aljihu, ya cancanci a ba shi amsar da ta fi karin magana tsawo.

Lokaci ya cim mana. Wanda ya kalli ɗaya daga cikin ukun nan, ya aiko mana da abin da ya gani, musamman iyaye mata, muna son jin ta bakinku. Na kan hanya Allah ya kai ku lafiya, na daji Allah ya tsare ku da dabbobinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.