Kada A Zubar Da Dakashi

Masu sauraro, duk mai kiwon awaki a lungunan Gwammaja ya san akuya kan nono biyu gare ta, saniya huɗu. Idan akuya ta haifi uku, sai an taimaki ƙaramin, in ba haka ba 'yan'uwansa su danne shi.

A Ostareliya kuwa akwai filatifus, dabba mai baki irin na agwagwa. Ƙwai take sakawa, amma tana shayarwa. Ba ta da kan nono, ta fatar cikinta nonon ke tsattsafowa, 'ya'yan su lasa.

Duk waɗannan dabbobi da nono suke rainon 'ya'yansu, haka mu ma 'yan Adam. Abin da ke damuna a wajenmu shi ne dakashi, nonon farko mai kauri, wanda har yau wasu ke matsewa su zubar. Shi ke ɗauke da garkuwar jariri daga cututtuka. Iyaye mata, don Allah ku ba jariri shi cikin sa'ar farko da haihuwa.