Kunnen Tsohon Makanike



Da yawanmu a bayan babbar mota muka fara barin Kekun Waje, zaune bisa buhunan dawa. Irin waɗannan Marsandi, da aka fara haɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu a 1981, har yau wasunsu suna bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, albarkacin tsofaffin makanikan Gusau.

Dattijo zai ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotarta, ya ce metal ne ya cinye, fistan lafiya lau yake. A sauke injin, a kai kiranshaf yanka, a tarar da zancensa dutse. Wannan sani sai wanda baƙin mai ya shekara yana ɗiga masa a fuska.

Yaranmu kuwa sun koma kabu-kabu, ba mu kuma ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran yaye. To amma idanun iyayen gidan nan sun fara rauni. Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin abinci da akwatin sifana na yara 5 da za mu miƙa gareji bana, mu na birni mu haɗa kuɗin kafin faɗuwar damina.