TSAKUWAR KUNNEN KIFI: JAWABIN DA NA GABATAR A TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI

 

Da sakatarenmu ya rubuto mini cewa in yi magana a kan aikina, sai ya ƙara da cewa kada in wuce minti goma sha biyar, wai ya san halina tun muna aji uku. To, zan yi ƙoƙari.

Yawancinku kun san daga Gafasa na fito, ta ƙasar Ajingi. Muna yara, in damina ta yi nisa mukan tafi fadama da tsohon gidan sauro mu tace 'ya'yan tarwada, mu zuba a kwano muna gardamar na wa ya fi girma. Ban taɓa zaton abin da zan ci abinci da shi ke nan ba. Yau ga shi na yi furfura a kan tambaya guda: ɗan kifin nan kwanansa nawa, kuma nawa yake ƙaruwa a kullum?

Tsawo kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Malamin da ya koya mana lissafi yana zaune a nan, zai tuna yaran da ya riƙa ajiyewa a layin gaba don gajarta, alhali sun girmi na baya. Haka kifi yake. Amma Allah da ikonSa Ya sanya wa kifi wasu 'yan tsakuwoyi guda shida a cikin kunnensa, uku dama uku hagu, waɗanda ke taimaka masa wajen ji da daidaita iyo. A shekarar 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya bayyana cewa tsakuwar nan takan yi sabon zobe ɗaya kowace rana, kamar ɓawon albasa. Ka ciro ta da tsinin allura, ka ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ka ƙirga zobban, ka sami kwanakin kifin. Ka auna tsawonsa, ka raba da kwanakin, ka san girman da yake yi a rana. Faɗin zobe kuma labari ne: ranar ƙoshi da ɗumi zobe mai faɗi, ranar yunwa da sanyi siriri.

Inda aikin nan ya fi wuya shi ne tekun da ke kewaye da Antatika, can ƙuryar kudancin duniya. Ni dai a takarda na je can, sanyin Janairu na Kano ma ya ishe ni. Ruwan wajen yakan sauka har kusan digiri 1.9 ƙasa da sifiri, kuma duk da haka akwai kifi a ciki. Wani Ba'amurke, Arthur DeVries, ya gano a ƙarshen shekarun 1960 cewa jininsu na ɗauke da wani sinadari mai hana shi daskarewa. Masu bincike kan ja raga mai ƙananan ido a bayan jirgin ruwa su kamo 'ya'yan, su yi maza su auna, domin ɗan kifi na motsewa da zarar ya mutu ko an jefa shi cikin ruwan magani, awo ya tashi ƙarya. Zobban kuwa sukan matsu ƙwarai, har sai an nemi madubi mai aiki da lantarki kafin a rabe su. Don su tabbatar zobe ɗaya rana ɗaya ne, sukan saka 'ya'yan kifi cikin wani rini da ke barin alama a tsakuwar, su rene su na wasu sanannun kwanaki, sannan su ƙirga daga alamar zuwa baki.

Abin da awon ya nuna shi ne, a can ƙwai kan yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe, ɗan kuma bai cika ƙara rubu'in milimita a rana ba. Tarwadarmu fa? In ruwa na da ɗumi, kamar digiri 28 zuwa 30, kwana ɗaya ya ishi ƙwanta, ɗanta kuma yakan ƙara wajen milimita guda a rana in yana samun abinci.

Kuna iya cewa, ina ruwanmu da ƙanƙarar Antatika? Ai mu ma muna da tamu, sunanta hunturu. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwan da yake ciki shi ne nasa. A daji tarwada ba ta saka ƙwai sai da damina, lokacin da kogi ya cika ya malala fadamu, ga ɗumi ga abinci. Mu ne muka zo da allura muna sa ta saka ƙwai a kowane wata. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan tanki kan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba. Ƙyanƙyasa ta yi jinkiri, ƙwai da yawa su ruɓe, waɗanda suka fito su ƙi cin abinci, su tsumbure. Karfasa ma ta fi tarwada raki, ita haihuwar take dainawa gaba ɗaya.

A nan zan tona wa kaina asiri. Wata shekara, a ƙarshen Fabrairu, na sayi 'ya'yan tarwada wajen wani mai ƙyanƙyasa da ya rantse mini satinsu biyar. Tsawonsu ya yi daidai da maganarsa, na biya na taho. Wata biyu ina zuba abinci kamar a rijiya. Da abin ya dame ni na ciro tsakuwar guda goma na ƙirga, sai na ga tun ranar da na saye su sun haura wata uku a duniya. Ga zobban hunturu nan a cunkushe, sirara kamar zare. Ragowar da aka tsince manya aka bari ne ya haɗa ni da su. Ni da nake koya wa mutane, kunya ta hana ni faɗa wa kowa sai yau.

Na kawo wannan ne domin tun da muka iso mutum huɗu sun ja ni gefe, kowa na so ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon kifi. Ba kowa ke da madubin likita ba, amma kowa na iya sayen ma'aunin zafi da rula da littafin rubutu. Auna ruwanka da asuba, ba da rana tsaka ba. Duk sati ka kamo guda ashirin ka auna ka rubuta. In za ka sayi iri, nemi a nuna maka ranar da aka ƙyanƙyashe shi a rubuce, kuma ka ga sauran 'yan uwansa. In an riga an kwashe manyan, ka haƙura. A ganina, sabon shiga ya jira har Afrilu, ya bar wa gwanaye kiwon hunturu.

Na zo da tsakuwa biyu a kan gilashi, da ƙaramin madubina. Bayan sallar azahar zan ajiye su a bakin ɗakin taro, wanda ke so ya zo ya ƙirga da idonsa. Sakatare, ga lokacinka na dawo maka da shi.