Takoradi Bayan Faɗuwar Farashin Mai: Jawabi Ga Jama'ar Zango

Sarkin Zango, ranka ya daɗe. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Magajiya da iyaye mata, shugabannin sana'o'i, samari da 'yan matan zangunan Sekondi da Takoradi, barkanku da zuwa. An gode da kuka bar kasuwa da wurin aiki kuka amsa kira.

Maganar da ta tara jama'a yau ita ce ta sallamar ma'aikata. Da wuya a sami wanda ke zaune a nan da bai san magidanci ko saurayin da ya taɓa cin abinci a gindin kamfanonin mai ba, aka wayi gari aka ce masa ya dakata a gida sai an neme shi, kuma har yau ba a neme shi ba.

A watan Yunin 2007 kamfanonin Kosmos da Tullow suka ba da labarin sun sami mai a ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 60 daga gaɓa. Aka raɗa wa wurin suna Jubilee, don a shekarar Gana ta cika shekara 50 da samun 'yanci. Ranar 15 ga Disamba 2010 marigayi Shugaba Atta Mills ya murɗa famfo a kan jirgin tatsar mai da ake kira Kwame Nkrumah, kuma a shekarar da ta biyo tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. Takoradi ta sami sabon kirari, birnin mai. Masu gidaje a Beach Road da Chapel Hill da Anaji suka fara yanka haya da dala, wasu suka tashi tsofaffin 'yan haya don su gyara wa kamfanoni. Otal-otal suka tsiro. Makarantun da ke alkawarin koya wa yaro aikin rijiyar mai cikin 'yan makonni suka buɗe ƙofa, iyaye suka sayar da abin hannunsu suka biya, yara da dama suka fito da takardar shaidar da kamfanoni ba su ko duba ba.

Abin da ba a bayyana wa talaka ba a lokacin shi ne, man teku na'ura yake bukata fiye da hannaye. An gina jirgin Kwame Nkrumah don ya iya tatso ganga 120,000 a rana, amma mutanen da ke kansa a lokaci guda ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, yawancinsu injiniyoyi da ƙwararru. Rabon ɗan zango yana tudu. Shi ne direban da ke ɗauko ma'aikata daga filin jirgin sama, shi ne mai gadin yadin bututu, shi ne mai walda da mai lodi a tashar jirgin ruwa. Mahauci ya sami otal mai sayen nama kullum. Mai canji ya sami masu dala. Uwar gida mai koko da ƙosai, ko mai shinkafa da wake, ta kafa tebur a ƙofar yadi tana sayar da tukunya biyu kafin hantsi. Duk wannan arziki ne na halak, kuma ya gina ɗakuna ya biya kuɗin makaranta.

Sai dai a duba yadda aikin yake saukowa. Babban kamfani mai lasisin haƙa yana ba kamfanin hidima kwangila, irin su Schlumberger da Halliburton da Baker Hughes. Kamfanin hidima ya ba ɗan kwangilar gida aikin motoci ko gadi ko abinci. Ɗan kwangilar gida kuma ya ɗauki mutane ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata, wata uku ko wata shida, a sabunta idan an ga dama. Direba zai shekara biyar yana tuƙa motar da ke ɗauke da tambarin babban kamfani, unguwa ta ɗauka ma'aikacin mai ne, surukai ma haka suka ɗauka, alhali sunansa ba ya cikin littafin kamfanin ko sau ɗaya.

A watan Yunin 2014 gangar mai tana kusan dala 115. A Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Dalilin ya faro ne daga nesa: Amurka ta cika kasuwa da man da take fasowa daga duwatsu, Saudiyya da sauran ƙasashen OPEC kuma suka ƙi rage nasu a taron Nuwamban 2014. Schlumberger kaɗai ya sanar da sallamar mutum 9,000 a faɗin duniya a Janairun 2015, ya ƙara 11,000 a watan Afrilu. Takoradi kuma ta gamu da nata na musamman. A Afrilun 2015 kotun dokokin teku ta umarci Gana ta dakatar da sabon haƙa a yankin da take jayayya a kansa da Kwaddebuwa, ba a yanke hukunci ba sai Satumban 2017. A 2016 aka gano matsala a maƙallin da jirgin Kwame Nkrumah ke juyawa a kansa, fitar da mai ta yi ta tsayawa. Ga sidi tana zubewa, ga ɗauke wutar da aka yi wa laƙabi da dumsor tana kashe wa mai walda da tela da mai sayar da ƙanƙara yini guda, har gwamnati ta karɓi rancen asusun IMF a 2015.

Ba a gama farfaɗowa ba aka sake shiga wani. A Disamban 2019 Tullow ya rage hasashen man da zai samu a Gana, shugabansa Paul McDade ya sauka, hannun jarinsa ya zube da kusan kashi 70 cikin ɗari a yini ɗaya, kuma a farkon 2020 ya ce zai rage kimanin kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa. Sai ga annobar korona. Ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin man Amurka ya sauka ƙasa da sifili, kamfanin Aker ya ɗage aikin rijiyoyin Pecan da 'yan kwangila da yawa suka ɗora wa rai.

A kowane karo sallama daga ƙasa take farawa. Injiniyan babban kamfani ana ba shi sanarwa, ƙungiyarsa ta zauna da manaja, a yi ciniki a kan kuɗin sallama. Direban ɗan kwangila ana karɓar makulli ne a bakin ƙofa. Mai ƙosai kuwa babu wanda ya sallame ta, ta dai ga yadi ya zama fayau, ta koma gida da rabin tukunya. Iska ta ɗauki dutse, ina ga faifai.

A nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne, domin dokar ƙwadago ta Gana, doka ta 651 ta shekarar 2003, ta yi magana a kan wannan filla-filla. Sashe na 65 ya ce idan kamfani zai yi canjin da zai jawo rage ma'aikata, wajibi ne ya rubuta wa babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata aƙalla wata uku kafin lokacin, ya faɗi dalili da yawan mutanen da abin zai shafa. Wanda aka rage yana da haƙƙin kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadi ba, ta bar shi ga ciniki tsakanin mai aiki da ma'aikaci ko ƙungiyarsa, idan an kasa daidaitawa a kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa. Amma sashe na 66 ya fitar da mutum uku daga wannan rumfa: wanda aka ɗauka na ƙayyadadden lokaci ko don wani aiki guda, wanda ke zaman gwaji, da mai aikin yini. Wato daidai wuraren da mafi yawan 'ya'yan zango suke tsaye. Shi ya sa 'yan kwangila suke son takardar wata uku-uku.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Sashe na 12 ya ce aikin da ya kai wata shida dole a ɗaure shi da rubutacciyar yarjejeniya. Sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wa mutum ɗaya aiki wata shida a jere, a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Wanda zai ci moriyar waɗannan sassa shi ne mai shaida: takardar ɗauka, takardar albashi, saƙon banki ko na waya da ke nuna ranar biya. Kuma a nan al'adar zango take cutar da 'ya'yanta. Bahaushe ya saba da ciniki na amana. Kakanni sun yi fataucin goro daga Kumasi zuwa Kano da kalmar baki da shaidar mai masauki, kuma ta riƙe su. Saurayi yana jin kunyar ya ce wa wanda ya yi masa hanyar aiki, Alhaji a ba ni a rubuce. Gaban hukumar ƙwadago kuwa, ba a tambayar wanda ya yi hanya, takarda ake tambaya. Neman takarda ba rashin kunya ba ne, Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a rubuta bashi, malamai suna zaune za su ƙara bayani.

Haka zancen fansho yake. A ƙarƙashin dokar 2008, mai aiki yana zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 5.5, kuma sai mutum ya tara wata 180, wato shekara 15, kafin ya cancanci fanshon wata-wata daga hukumar fansho ta SSNIT. Akwai 'yan kwangilar da ke yanke kason ma'aikaci ba su kai ba, ba a ganewa sai ranar da aka sallami mutum ya je ya tarar da asusunsa babu komai. Zuwa ofishin SSNIT a nemi bayanin asusu ba ya cin yini. Masu sana'ar kansu ma, mahauta da teloli da masu abinci, ana karɓarsu su zuba da kansu.

Wanda Allah ya sa ya sami kuɗin sallama, hatsarinsa na biyu yana jiransa a waje. Kuɗi ne mai yawa a hannun mutumin da ba shi da albashi, kuma masu alkawarin riba mai tsoka suna jin ƙamshinsa. Jama'a ba su manta da kamfanin Menzgold ba, wanda hukuma ta dakatar a 2018 da dukiyar dubban mutane a ciki. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya. Ga kuma mai gida da ke neman hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da wata shida ba. Ga 'yan uwa na nan da na Arewa da suka saba da aike, ba su san rijiya ta ƙafe ba saboda magidanci ya ɓoye. Ɓoyewar nan tana kashe gida. Wanda aka sallama bai yi sata ba, farashin da aka yanke a London da Vienna ne ya faɗo masa, ya kamata iyalinsa su ji daga bakinsa tun ranar farko don a rage kashe kuɗi tare.

Wannan gari ya ga irin haka tun kafin mai. Layin dogon da aka fara daga Sekondi a 1898 ya isa Kumasi a 1903, shi ya jawo Hausawa da yawa nan, har Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka riƙa fitar da goro ta teku zuwa Legas. An buɗe tashar Takoradi a 1928. A yaƙin duniya na biyu a nan ake harhaɗa jiragen yaƙin Ingila, su tashi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar, gari ya cika da aiki, yaƙi ya ƙare aikin ya tafi. Tashar Tema ta buɗe a 1962 ta kwashe ciniki mai yawa, jirgin ƙasa da katako suka ja baya daga bisani. Zango ya tsira a duk waɗannan lokuta domin yana da sana'ar hannu da kasuwa waɗanda ba su rataya ga ubangida ɗaya ba.

Kada kuma wani ya zauna jiran dawowar 2011. Alƙaluman kwamitin PIAC mai sa ido a kan kuɗin mai sun nuna Gana ta haƙo ganga miliyan 71 a 2019, ta sauko zuwa miliyan 48 a 2023, duk da rijiyoyin TEN da Sankofa da suka shigo a 2016 da 2017. Mai walda da ya sami takardar ƙwarewa ta gaske, daga Jami'ar Fasaha ta Takoradi ko wata cibiya da hukuma ta sani, zai iya kai hannunsa ma'adinan Tarkwa da Nsuta, ko tashar jirgin ruwa, ko ya buɗe rumfarsa a Kokompe. Wanda abin da ya iya kawai shi ne sanya rigar kamfani, ranar da aka karɓi rigar ba shi da abin kamawa.

Saboda haka ana roƙon Sarkin Zango, ranka ya daɗe, ya naɗa 'yan mutane kaɗan masu karatun boko da sanin doka daga cikin 'ya'yan zango, waɗanda duk mai shirin sa hannu a takardar aiki ko ta sallama zai kai musu su karanta masa tukuna. Masu aiki a yadi da tasha su shiga ƙungiyar ma'aikatan sufuri da mai ta GTPCWU ko wadda ta shafi aikinsu, domin da ƙungiya dokar ta ce a yi shawara. Limamai su tuna da magidancin da aka sallama lokacin rabon zakka, ko da yana fitowa masallaci da wankakkiyar riga. Iyaye mata masu adashi su duba yadda za a sa wa matan waɗannan gidaje hannu su ja jari. Duk wanda ke da aiki a yau kuma, ya je ya nemi takardarsa da bayanin asusunsa na SSNIT kafin ƙarshen wannan wata, kada ya jira ranar da za a karɓi makulli.

Allah ya rufa asiri, ya ba marasa aiki mafita.