Takardar Shaidar Lafiya Ta Mai Neman Tuƙin Jirgin Sama

Jawabi ga jama'ar ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo

An shirya wannan jawabi ne domin samari da 'yammata waɗanda su ke da sha'awar koyon tuƙin jirgin sama, da kuma iyayensu, tun da ya ke daga aljihun iyaye kuɗin karatun zai fito.

Jirgin sama ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun cikin shekarar 1925 jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Yau kuwa da wuya a sami unguwa a ƙasashen nan uku wadda ba ta da alhajin da ya tashi daga filin jirgi na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato zuwa ƙasa mai tsarki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro yana cikin gonar albasa ya ga jirgi ya ratsa bisa fadamar Rima, ya ce a ransa wata rana shi zai riƙe shi. Buri ne mai kyau, hanyarsa kuma a buɗe ta ke ga namiji da mace. Makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, akwai kuma wata a Ilori. Mace ta fari da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, watau Kyaftin Chinyere Kalu, a Zariya ta koya, daga baya har ta shugabanci makarantar daga 2011 zuwa 2014.

To, amma a bakin hanyar nan akwai wata ƙofa wadda kuɗi ba su buɗe ta, ƙoƙari a makaranta ba ya buɗe ta, sanin wani babba kuma ba ya buɗe ta. Ita ce takardar shaidar lafiya. Galibin mutane sai sun gama shirin kome sa'an nan su ke jin labarinta, alhali kuwa da ita ya kamata a fara.

Ga asalin dokar. Cikin 1944 ƙasashen duniya suka taru a birnin Shikago na Amurka suka ƙulla yarjejeniya bisa sha'anin jiragen sama, daga nan aka kafa ƙungiyar da a ke kira ICAO, mai babban ofishi a Montreal ta ƙasar Kanada. Ita ce ta tsara ma'aunin lafiyar matuƙa, Nijeriya kuma tana cikinta. A nan gida, Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, wadda aka kafa da doka a 1999, ita ke ba da lasin tuƙi, ita kuma ke da ikon takardar lafiya. Takardar aji uku ce. Aji na ɗaya na matuƙin da zai yi tuƙi don a biya shi ne. Aji na biyu na ɗalibi ne da mai tuƙa jirgi don bukatar kansa. Aji na uku na ma'aikatan hasumiya ne, masu ba jirage umurnin tashi da sauka.

A nan ne mutane su kan yi kuskure mai tsada. Bisa ƙa'idar duniya, takardar aji na biyu ta ishi ɗalibi ya fara tashi da jirgi shi kaɗai. Amma ranar da zai karɓi lasin neman abinci, bayan ya cika shekara 18 ya kuma tara awoyin tashi har wajen 200, aji na ɗaya za a nema, ma'auninsa kuwa ya fi tsanani. A ɗauka wani magidanci ne a ƙasar Goronyo ya sayar da shanunsa, ya jinginar da gonarsa ta noman rani, dangi suka yi karo-karo, aka tura yaro makaranta da miliyoyin naira. Bayan kuɗi sun tafi sai likita ya gano wani abu da aka haifi yaron da shi, wanda gwajin yini ɗaya ko biyu zai iya nunawa tun kafin a kai sa ɗaya kasuwa. Ba wanda zai mayar da kuɗin nan. Don haka duk mai wannan niyya lalle ya roƙi a auna shi da ma'aunin aji na ɗaya tun kafin a biya ko kwabo.

Ba ko wane likita ke yin wannan gwaji ba. Takardar da a ke karɓowa daga babban asibitin gari don shiga makaranta ko aikin gwamnati ba ta da amfani a nan, kome girman likitan da ya sa mata hannu. Akwai likitoci na musamman waɗanda suka koyi yadda tafiya a sama ke taɓa jikin ɗan Adam, Hukumar ta naɗa su, sunayensu na wurinta. Sai a nemi sunayen daga Hukumar ko daga makarantar da a ke son shiga, a tsai da rana da likita kafin a kama hanyar Gusau da Funtuwa, don daga Sakkwato zuwa Zariya kaɗai tafiyar wajen kilomita 400 ce. Wanda kuma zai yi karatunsa a waje, kamar Afirka ta Kudu ko Amurka, ya sani hukumar can za ta ba shi tata takardar, in ya komo gida kuma sai ya nemi ta NCAA.

Abin da likita ya ke fara dubawa da kyau shi ne ido. Ana so ko wane ido shi kaɗai ya kai 6/9, watau mutum ya tsaya nisan mita 6 ya karanta layin da mai cikakken gani zai karanta daga mita 9, idan kuma an buɗe duka biyun su kai 6/6. Jita-jitar da a ke yi cewa mai tabarau ba ya tuƙin jirgi ba gaskiya ba ce. In tabarau ya kai shi ga ma'aunin, ya wuce. Sai dai a rubuta a takardarsa tilas ya sa shi sa'ad da ya ke aiki, ya kuma riƙe na biyu kusa da hannu ko na fari zai karye.

Wanda ya fi kayar da samari ba zato shi ne gwajin launi. Akwai mutanen da a ke haifa idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, maza sun fi yawa a ciki, kuma mai shi ya kan girma har ya yi aure bai sani ba, don yana ganin nesa tangaram, yana gane akuyarsa cikin garke tun daga bakin gari. Likita zai buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi, wanda wani likitan Japan mai suna Ishihara ya ƙago, a ce ya faɗi lambar da ke ɓoye a ciki. Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. Fitilar fiffiken hagu na jirgi ja ce, ta dama koriya, da su matuƙi ke gane inda wani jirgi ya dosa cikin dare. A gefen hanyar sauka akwai fitilu masu nuna ja da fari, su ke gaya masa ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. In rediyo ta lalace, da hasken fitila ja ko kore ko fari hasumiya za ta yi masa magana. Wannan lahani ba shi da magani, ba na asibiti, ba na gargajiya. Wanda ya faɗi gwajin littafin a kan ƙara masa wani gwaji da ya fi zurfi, wasu su kan haye a nan, wasu kuwa a'a. Masu haddace lambobin littafin don su yaudari likita, kansu su ke cuta.

Sai kunne. A kan sa wa mutum wata na'ura a kunne ya riƙa nuna alama in ya ji ƙara, siririya da mai kauri. Yaron da ya taɓa yin sanƙarau, ko wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya tun yana ƙarami, ko wanda ya shekara da shekaru a gindin injin niƙa ko injin ban ruwa, ya kamata ya faɗa, domin ire-iren waɗannan su kan rage ji mai shi bai lura ba. Za a kuma duba hanci da maƙogwaro, saboda iskar cikin kunne tana bukatar hanyar daidaita kanta sa'ad da jirgi ke sauka.

Zuciya a kan auna ta da na'urar da ke zana bugunta bisa takarda, a auna hawan jini, a duba huhu saboda tarin fuka. Mai tarin fuka ba ya samun takarda sai ya warke.

Gwajin fitsari da na jini su ne suka fi shafar mutanen bakin gulbi. Yaron da ya tashi yana wanka a madatsar ruwa ta Goronyo ko cikin magudanan noman rani na Wurno ba wuya ya ɗauki tsargiya, wasu iyaye ma har suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce. Ba alamar kome ba ce sai ta cuta. Likita zai gan ta a fitsari, zai tsai da takarda sai an bincika. Abin farin ciki shi ne tana da magani mai sauƙi, mai hankali sai ya je asibiti ya rabu da ita tun kafin ranar gwaji. A fitsarin nan kuma a ke ganin alamar ciwon sukari.

Game da amosanin jini, watau sikila, sai a natsu a fahimta, don an sha ruɗa mutane. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya jininsa AS ne, watau ya gaji abin daga gefe guda, ba shi da ciwon. Ƙa'idar ICAO ta ce irin wannan galibi ba ya hana takarda. Amma mai SS, wanda ciwon ke tasar masa, wannan aiki ba nasa ba ne, domin iskar cikin jirgi a sama kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa dubu shida zuwa dubu takwas ce, ƙarancinta kuwa na iya tayar da ciwon a daidai lokacin da ba mai karɓarsa.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta gani, sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Za a ba shi takarda ya cika, a tambaye shi ko ya taɓa farfaɗiya, ko suma, ko buguwa a kai kamar ta faɗuwa daga kabu-kabu, ko taɓin hankali, ko damuwa mai tsanani, da irin magungunan da ya ke sha. Ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. A ƙasar Hausa farfaɗiya abar ɓoyewa ce, a kan ce iska ce, a rufa asiri don kada a rasa aure. Wannan rufin asiri ba shi da wuri a nan. Mai farfaɗiya ba ya tuƙin jirgi. Wanda kuma aka kama ya yi ƙarya a takardar, ana iya ƙwace lasinsa ko da ya yi shekaru yana aiki. Haka nan ƙwayoyi: tiramol, da wiwi, da maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Gwaji na nuna su, kuma ba a ranar likita kaɗai a ke yinsa ba, a kan tare ma'aikacin jirgi a wurin aiki ba sanarwa. Saurayin da ya saba haɗiyar ƙwaya don ya jure aikin gona, ya zaɓi ɗaya.

Mutanen Sakkwato ba su bukatar a yi musu dogon bayanin abin da faɗuwar jirgi ke nufi, tun ranar 29 ga Oktoba 2006 da aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da jama'a masu yawa a jirgin da ya taso daga Abuja. Wannan haɗari ba ciwon matuƙi ne ya jawo shi ba. Amma an yi wanda ɓoye ciwo ya jawo. Ran 24 ga Maris 2015 jirgin kamfanin Germanwings ya tashi daga Sifen za shi Jamus. Mataimakin matuƙin yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, likita ya ba shi takardar kada ya yi aiki, ya ɓoye bai nuna wa kamfani ba. Ya kulle ƙofa ya kai jirgin ga duwatsun Faransa, mutum 150 da ke ciki ba wanda ya tsira.

Kada wannan ya sa a ɗauka duk wanda ya faɗi ciwonsa ya rasa aikinsa ke nan. Ƙa'idar ta bar wa Hukuma dama ta duba ko wane mutum da halinsa. Wani a dakatar da shi 'yan watanni ya yi magani ya komo. Wani a ba shi takarda da sharaɗi, kamar a ce ba zai tashi ba sai tare da matuƙi na biyu. Mace mai juna biyu, in cikin lafiya lau ya ke kuma likita na lura da ita, ana iya barinta ta yi aiki daga ƙarshen mako na 12 zuwa ƙarshen na 26, bayan ta haihu a sāke dubata ta koma bakin aikinta.

Samun takarda sau ɗaya ba ya isa har abada. Ta aji na ɗaya wata 12 ta ke yi. Wanda ya wuce shekara 40 yana ɗaukar fasinja shi kaɗai ba mataimaki, da wanda ya wuce 60 yana tuƙin haya, tasu wata 6 ce. Ba ko wane gwaji a ke maimaitawa ko wace shekara ba: na'urar kunne, misali, sau ɗaya cikin shekara 5 har mutum ya kai 40, daga nan sau ɗaya cikin shekara 2; zanen zuciya kuwa yana ƙara yawaita da tsufa, bayan shekara 50 ya zama na ko wace shekara. Ranar da takarda ta ƙare, lasin na nan a aljihu amma ba ya aiki, matuƙi ba zai hau kujerarsa ba ko da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka a kan je wurin likita da sauran kwanaki, kada wani gwaji ya bukaci a maimaita shi, kwana ya ƙure.

Tsakanin gwaji da gwaji kuma, doka ta ɗora wa matuƙi kansa nauyin ya ƙi tashi duk ranar da ya san lafiyarsa ta ragu. Zazzaɓin cizon sauro ya isa dalili. Mura mai toshe hanci ta isa, maganinta mai sa barci ma ya isa, balle jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba. In ya kwanta asibiti, ko an yi masa aiki, ko an ɗora shi bisa wani magani na kullum, sai ya shaida wa likitan Hukuma kafin ya koma. Haka za a yi ta yi har ya cika shekara 65, inda ƙa'idar duniya ta tsai da tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe.

Mai zuwa gwajin fari ya tafi da katin shaidarsa, da tabaransa in yana sawa, da katunan asibiti na dā, da sunayen magungunan da ya ke sha. Kafin ya bar gida ya zauna da mahaifiyarsa ya tambaye ta cututtukan da ya yi yana ƙarami, don ita ce ta san wanda ya manta, likita kuwa zai tambaya.